Ƙwaron da Ba Ya Cizo: Tarihin Sunan Mai Ƙona Fata

Idan damina ta fara ja da baya, shinkafa ta ɗauki nauyi a fadamu, akwai wani ɗan baƙo da kan biyo hasken lantarki ya shigo ɗakin kwana. A unguwannin Dutse irin su Yalwawa, inda gida da gona ba su yi wa juna nisa ba, ba ya buƙatar doguwar tafiya. Tsawonsa bai cika santimita ɗaya ba, siririn jiki gare shi kamar cinnaka. Yakan faɗo daga jikin ƙwan lantarki ya sauka a wuyan mai barci, mai barci ya kai hannu cikin magagi ya murje shi, ya juya ya ci gaba da barcinsa. A daren ba ya jin komai. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi kamar an ɗiga masa tafasasshen mai, sannan ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a jere, sun bi layin da hannu ya bi.

A lokacin ƙwaron ya daɗe da zama ƙura a ƙarƙashin gado, saboda haka laifin sai ya faɗa kan wani. Wani ya ce gizo-gizo ne ya yi fitsari a wurin. Manomin gero ya ce aikin hangara ne. Ma'aikacin lafiyar da bai saba da abin ba yana iya ɗaukarsa a matsayin ƙurajen nan masu bin jijiya, ya rubuta maganin da ba shi da alaƙa da ciwon. A kudancin Nijeriya, musamman a ɗakunan kwanan ɗalibai, an fi saninsa, har ana yi masa laƙabi da "siket da bulawus" saboda launinsa hawa-hawa ne: kai baƙi, ƙirji ja, tsakiya shuɗi mai sheƙi, ciki ja, ƙarshen wutsiya baƙi. A gabashin Afirka kuwa "ƙudan Nairobi" ake ce masa, alhali shi ba ƙuda ba ne, kuma ba Nairobi kaɗai yake ba.

Sunansa a littattafan masana Paederus, kuma nau'in da aka fi dangantawa da wannan ƙuna a Afirka ta Yamma shi ne Paederus sabaeus. An kwashe shekaru da dama ana gina waɗannan kalmomi biyu. Duk abin da likita ya sani a yau game da ciwon, da duk abin da manomin shinkafa ya kamata ya sani game da ƙwaron, a jikin wannan suna yake rataye.

Mutanen Sin ne suka riga kowa rubuta labarinsa. A shekarar 739 wani masanin magunguna mai suna Chen Cangqi ya haɗa littafi a kan magungunan da magabatansa suka tsallake, a ciki ya siffanta wani ɗan ƙwaro mai kama da tururuwa, ja, mai shuɗin ƙugu, wanda dafinsa kan kumbura fata har ta saɓule. Ya ma ba da shawarar a yi amfani da shi wajen goge zanen da aka tsaga a jiki da kuma maganin makero. Bayanin ya yi daidai matuƙa, amma ya zauna cikin harshen Sinanci fiye da shekara dubu ba tare da wani likita a wata nahiya ya amfana da shi ba. Babu wata hanya da mai karatu a Masar ko a Katsina zai bi ya gane cewa ƙwaron da ake nufi ɗan'uwan wanda ke yawo a bakin rafinsu ne. Wannan ita ce matsalar da tsarin raɗa suna ya zo ya warware.

A 1758 Carl Linnaeus, masanin ƙasar Suwidin, ya fitar da bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, inda ya ba kowace dabba suna mai kalma biyu cikin Latin: ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin kusan haka yake kiran mutum da sunansa da na gidansu, sai dai Linnaeus sunan gidan yake fara ambata. Har yau masana dabbobi daga ranar 1 ga Janairun 1758 suke fara lissafin sunaye. Duk sunan da aka raɗa kafin nan ba ya cikin hisabi. Linnaeus ya lura da wasu ƙwari masu alaƙa da buzuzu waɗanda murfin fikafikansu gajere ne, bai rufe cikinsu ba, kamar wanda ya sa 'yar shara ya bar ƙugu a waje. Ya tara su a gida ɗaya ya kira shi Staphylinus, ya lissafa nau'i 19. Ɗaya daga cikinsu, mai ja da shuɗi da ke zama a bakin ruwa, ya sa masa riparius, wato na bakin gaɓa.

Ɗalibinsa ne ya fara rushe masa gini. Johan Christian Fabricius, mutumin Danmak, ya ga cewa malaminsa ya dogara da fiffike wajen rarraba ƙwari, shi kuwa yana ganin baki ya fi faɗin gaskiya, tunda da baki halitta take ci, kuma abin da take ci shi ne rayuwarta. Ya riƙa kwance bakunan ƙwari gaɓa-gaɓa yana dubawa. A littafinsa na 1775 ya cire riparius daga gidan Staphylinus ya gina masa nasa gidan, ya kira shi Paederus. A 1802 Bafaranshe Pierre André Latreille ya tattara waɗannan gidaje ya mai da su dangi guda, wanda ake kira Staphylinidae.

Babu ɗaya daga cikin mutanen nan uku da ya yi zaton girman dangin da suka taɓo. Daga 19 na Linnaeus, yau an raɗa wa fiye da nau'i 60,000 suna a cikinsa. Idan aka haɗa dukan tsuntsaye da dabbobi masu shayarwa da macizai da ƙadangaru da kwaɗi na duniya, ba su kai wannan adadi ba. Mafi yawansu ƙanana ne, baƙaƙe ko ruwan ƙasa, suna cikin ruɓaɓɓen ganye da kashin shanu da gidan gara da ƙarƙashin ɓawon itace, kuma ba su taɓa cutar da kowa ba. Wanda ya juya juji a bayan gari da safe zai ga suna gudu, sun ɗaga wutsiya sama kamar kunama, alhali ba su da ƙari. Burga ce kawai.

Mutumin da ya fara shiga wannan daji da niyyar share shi duka shi ne Wilhelm Ferdinand Erichson, likita ne da ya bar duba marasa lafiya ya koma duba ƙwari a ma'ajiyar halittu ta Berlin. Ma'ajiyar a lokacin cike take da kayan da matafiya suka kwaso, ciki har da dubban ƙwarin da Hemprich da Ehrenberg suka tara a tafiyarsu ta 1820 zuwa 1825 a Masar da Sudan da gaɓar Bahar Maliya. Tsakanin 1839 da 1840 Erichson ya wallafa wani ƙaton littafi da ya siffanta dukan 'yan wannan dangi da aka sani a zamaninsa, gida-gida, nau'i-nau'i. A cikinsa ne sunan Paederus sabaeus ya fara bayyana. Kalmar sabaeus tana nufin na ƙasar Saba'i, ƙasar nan ta Yaman da mai karatun Alƙur'ani ya sani ta labarin Annabi Sulaiman da sarauniyarta. Ƙwaron da ke faɗowa daga ƙwan lantarki a ƙasar Hausa, ashe sunan ƙasar Bilkisu yake ɗauke da shi. Erichson ya rasu a 1848 bai cika shekara arba'in ba, amma tsarin da ya shimfiɗa shi aka bi har ƙarshen ƙarnin.

Akwai abin da ya kamata a fahimta game da irin wannan suna, domin a nan ƙarfinsa yake, a nan kuma rauninsa. Suna ba a jikin bayani yake manne ba, a jikin gawa yake. Idan masani ya raɗa wa nau'i suna, sai ya keɓe ƙwaron da ya duba, ya soke shi da allura ko ya liƙa shi a ɗan kati, ya rataya masa takarda, ya adana a akwati. Wannan busasshen ƙwaro shi ne samfurin asali, shi ne alƙali. Ko bayan shekara ɗari aka yi gardama a kan wane ne sabaeus, ba littafi za a buɗe ba, akwatin za a buɗe. Ƙa'ida ta biyu kuma ita ce ta rigaye: wanda ya fara raɗa suna bisa ƙa'ida, nasa ne ke tsayawa, ko da na baya ya fi shahara.

Ƙudan Nairobi ya ɗanɗana wannan hukunci. Shekaru da dama likitocin Kenya suna rubuta shi da sunan crebrepunctatus, wanda Bajamushe Eduard Eppelsheim ya raɗa. Da aka kwatanta samfurori sai aka tarar Bafaranshe Louis Reiche ya riga shi tun tsakiyar ƙarni na 19, daga ƙwarin da aka kwaso a Habasha, ya kira shi eximius. Dole aka sauke sunan da kowa ya saba da shi. Wanda bai san wannan ba, idan ya karanta tsofaffin rahotanni da sababbi, zai ɗauka ƙwari biyu ne ke ƙona mutane a Nairobi. Masu ganin gardamar suna ɓata lokaci ce ta malaman da ba su da aikin yi, ga amsarsu nan.

Abin mamaki shi ne, duk tsawon ƙarni da kwata da Turawa suka yi suna jera Paederus a akwatuna, masana ƙwari ba su san yana ƙona fata ba. Busasshen ƙwaro a kan allura ba ya ƙona kowa. Likitoci ne suka gano, kuma a ƙasashe masu zafi. A 1901 wani likitan Holan mai suna Vorderman ya ba da rahoton ma'aikatan wata hasumiyar fitilar jiragen ruwa a tsibirin Jaba, a Indunusiya ta yau, waɗanda fatarsu ke ƙonewa a wani lokaci na shekara. Fitilar da suke tsaro ita ke janyo musu ƙwarin. A 1912 Pirajá da Silva ya rubuta irin wannan a Bahia ta ƙasar Barazil. A 1915 Rodhain da Houssiau suka gani a Leopoldville, wato Kinshasa ta yanzu, shekara guda bayan haka aka rubuta na Nairobi. Ƙasashe huɗu, nahiyoyi uku, likitocin ba su san juna ba. Abin da ya haɗa rahotanninsu ya mai da su labari ɗaya shi ne kalmar da Fabricius ya ƙirƙira a 1775. Kowannensu ya aika ƙwaronsa ga masani, amsa ta dawo da sunan gida ɗaya.

Sai kuma aka faɗa wani kuskuren, irin wanda manomin gero ke yi. An daɗe da sanin hangara da 'yan'uwanta, waɗanda masana ke kira Meloidae, da dafinsu mai suna kantaridin. Tunda wannan ma ƙuna yake yi, sai aka ɗauka dafin ɗaya ne. Amma rarrabuwar dangi ta nuna akwai tambaya: hangara da Paederus ba su haɗa dangi ba, siffarsu dabam, abincinsu dabam. Hangara babba ce, murfin fikafikanta ya rufe jiki, furen gero da na wake take ci, kuma ƙunarta kan taso da wuri, bororo mai ruwa ba tare da ja da zafi mai yawa ba. Ƙunar Paederus tana jinkiri, tana zuwa da ja da raɗaɗi, kuma takan bar baƙin tabo na watanni. Idan dafin ya taɓa lanƙwasar gwiwar hannu, ɓangarorin biyu da suka haɗu duk sai su ƙone, tabo biyu suna kallon juna. Idan yatsa ya kai shi ido, fatar ido ta kumbura ta rufe.

Wanda ya raba gardamar shi ne Mario Pavan na Jami'ar Pavia a Italiya. A farkon shekarun 1950 shi da abokin aikinsa Bo suka tabbatar cewa dafin wani abu ne sabo, suka kira shi federin, daga sunan gidan ƙwaron. A matsakaici, abin da ƙwaro ɗaya yake ɗauke da shi kusan kashi ɗaya cikin miliyan na giram ne, saboda haka kafin a sami abin da zai isa bincike sai da aka tara ƙwari kimanin miliyan 25 na nau'in Paederus fuscipes daga gonaki. Ba a kammala gane ginin sinadarin daidai ba sai a ƙarshen shekarun 1960, bayan aikin masanan Italiya da na Japan. Federin yana hana ƙwayoyin halittar jiki ƙera furotin, yana kuma hana su rabuwa. Wannan ne dalilin jinkirin: ba ƙuna ce irin ta wuta ba, ƙwayoyin fata ne ke mutuwa a hankali. Kuma dafin a cikin ruwan jikin ƙwaron yake, wanda ke madadin jini. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba ya fitsari a kan kowa. Sai an murje shi yake fita.

Labarin bai tsaya nan ba. A shekarun 1990 Rupert Kellner da Konrad Dettner na Jami'ar Bayreuth a Jamus suka lura cewa mata ne ke ƙera dafin, kuma ba dukan matan ba. Maza da 'ya'ya abin da uwa ta zuba a cikin ƙwai kawai suke ɗauke da shi. Suka kuma nuna amfaninsa ga ƙwaron: gizo-gizon da ke farauta a ƙasa yakan ƙi cin tsutsar da ke da federin. A 2002 Kellner, da kuma Jörn Piel a nasa binciken, suka nuna cewa ba ma ƙwaron ne mai ƙerawa ba, wata bakteriya ce daga gidan Pseudomonas da ke zaune a jikin macen, tana bin ƙwai daga uwa zuwa 'ya. Gizo-gizon da ake ɗora wa laifi a ɗakin kwana, ashe don shi aka tanadi dafin tun farko.

A koma kan akwatuna. Launin ja da shuɗi yana kai mai dubawa ƙofar gidan Paederus, amma ba ya shigar da shi ɗaki. Lokacin da Howard Frank da Kanamitsu suka tattara duk abin da aka sani game da gidan a 1987, sun lissafa fiye da nau'i 600, kuma da yawansu riga ɗaya suka sa. Tsofaffin masana sun yi ta rarrabe su da abubuwa irin su yawan ɗigo-ɗigon da ke jikin murfin fiffike, da launin gwiwa, da tsawon kai, abubuwan da kan bambanta ko tsakanin 'ya'yan uwa ɗaya. Max Bernhauer, wani mai aikin shari'a a ƙasar Ostiriya da ke duba ƙwari bayan ya tashi daga ofis, shi kaɗai ya raɗa wa fiye da nau'i 5,000 na wannan dangi suna. Malcolm Cameron, likitan sojan ruwan Ingila, ya raɗa wa fiye da 4,000. Aiki ne na ban mamaki, amma gaggawa ta yi masa yawa, kuma har yau ana tsintar nau'i ɗaya da suna biyu ko uku a cikin gadon da suka bari.

Mabuɗin ya fito daga inda ba a zata ba. A 1912 David Sharp da Frederick Muir suka wallafa dogon nazari a kan al'aurar mazan ƙwari masu murfin fiffike. Wannan gaɓa tauri gare ta, ba ta lalacewa idan ƙwaro ya bushe, kuma siffarta tana bambanta daga nau'i zuwa nau'i ko da waje ya zama iri ɗaya. Daga baya ta zama ita ce hujja. Gaston Fagel na Brussels, wanda ya yi aiki mai yawa a kan Paederus na Afirka a shekarun 1950, da ita ya riƙa warware nau'o'in da aka cakuɗa. Wannan ne ya sa a tarin masana za a ga ɗan ƙwaro a kan kati, a gefensa kuma wani ɗan ɗigo da aka liƙa dabam. Ɗigon nan shi ne takardar shaidarsa.

Da ɗalibin nazarin halittu a Jami'ar Tarayya ta Dutse zai kama ɗaya a jikin bango a Yalwawa, ga yadda tafiyar za ta kasance. Zai tura shi cikin kwalba da takarda, ba da yatsa ba, ya zuba masa sinadarin alkohol. A ƙarƙashin madubin ƙara girma zai bi tambayoyi bi da bi, kowace amsarta i ko a'a, irin tsarin da Lamarck ya yaɗa tun 1778 a littafinsa na tsirran Faransa. Akwai ƙugu siriri kamar an ɗaure da zare, da ƙahon ji mai lanƙwasa kamar gwiwar hannu? Idan akwai, tururuwa ce, a sake ta. Akwai almakashi a wutsiya? Idan akwai, tsatso ne. Idan babu, kuma ga gajeren murfi mai tauri da ya bar yawancin gaɓoɓin ciki a buɗe, an shiga dangin Staphylinidae. Sai a dubi ƙafa: a gidan Paederus gaɓa ta huɗu ta tafin ƙafa a tsage take gida biyu, kamar kofaton akuya. Sai a dubi ɗan yatsan da ke gefen baki, wanda gaɓarsa ta ƙarshe guntuwa ce ƙwarai. Zuwa nan awa ɗaya ta isa. Daga nan ne aikin ke tsayawa, domin mataki na ƙarshe yana buƙatar namiji, da allura mai tsini, da hannu marar rawa, da zanen da za a kwatanta da shi, ko kuma samfurin da wani masani ya riga ya tabbatar.

Samfurorin kuwa suna nesa. Tarin Bernhauer yana Chicago, na Cameron yana Landan, na Fagel yana Brussels, na Erichson yana Berlin. Haka tsarin ya ginu tun zamanin mulkin mallaka: a 1913 aka kafa wata hukumar nazarin ƙwari ta daular Ingila a Landan, jami'an gona da na lafiya daga ƙasashen da ake mulka suna aika ƙwari, amsa tana dawowa a takarda, ƙwaron kuma sau da yawa ya zauna can. A Arewa, tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka fara a 1922 ta kuma zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta tara ma'ajiyar ƙwari da ɗalibai daga jami'o'i da dama ke kai samfurinsu don a gane musu. A 1980 John Medler ya wallafa jerin sunayen ƙwarin Nijeriya, littafin da har yanzu ake komawa gare shi. Amma hankalin Samaru, kamar yadda ya dace da aikinta, ya fi karkata ga maƙiyan auduga da gyaɗa da dawa. Ƙananan mafarauta irin su Paederus ba su ne ke cinye amfanin gona ba, saboda haka ba su ne aka fi bi ba.

Su likitoci ne suka riƙa tuno da shi lokaci-lokaci. A watan Nuwamban 1989 an yi annobar wannan ƙuna a Konakiri ta ƙasar Gini. A 1990 George da Hart suka wallafa rahoton ɓarkewarta a kudancin Nijeriya, daga baya kuma wasu masana suka rubuta wata a Jihar Ribas, suka ambaci sabaeus da suna. A Kenya, ruwan sama mai yawa na 1997 zuwa 1998 ya haddasa yawaitarsa har ya zama labarin jaridu. Duk inda aka duba, sharuɗɗan ba sa canzawa: ƙasa mai laima inda macen ke saka ƙwai, tsutsa ta girma; ciyawa ko shinkafa mai yawan ƙananan ƙwari; sannan farin haske da dare, da taga marar raga. Farar fitila mai kaifin haske ta fi jan su fiye da mai ruwan ɗorawa. Girbi ko ƙona ciyawa yakan tashe su gaba ɗaya su nufi gari.

Wanda ya san Jigawa ya san waɗannan sharuɗɗa suna ƙara haɗuwa ne, ba raguwa ba. Noman shinkafa ya faɗaɗa, daga kwarin Haɗeja da Auyo har zuwa ƙananan fadamun tsakiyar jihar, rani da damina. Fitilun sola farare sun shiga ƙauyukan da a da aci-balbal ce kawai ke ci. Makarantun kwana da ɗakunan ɗalibai, inda ake barin fitila a kunne har asuba, su ne wuraren da rahotannin ƙasashe da dama suka fi ambata.

A nan ne sanin sunan yake sauya shawara. Wanda ya ɗauka hangara ce zai nemi maganin feshi, domin hangara maƙiyiyar gero ce. Paederus kuwa mafarauci ne, shi da tsutsarsa: ƙwai da ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan shuka yake ci. A gonakin shinkafar Asiya, inda aka fi nazarinsa, ana lissafa Paederus fuscipes cikin manyan abokan manomi, domin yana cin ɗan ƙwaron nan mai ruwan ƙasa da ke tsotse shinkafa har ta bushe a tsaye. A can an ga yadda yawan feshi ya kashe mafarauta ya bar mai tsotsar ya yi ta haihuwa. Fesa gona don a huce haushin ƙunar wuya asara ce biyu. Abin da ke aiki ya fi haka araha: raga a taga, gidan sauro, kashe fitilar da ke saman gado ko mayar da ita waje, kakkaɓe shimfiɗa kafin a kwanta. Idan ya sauka a jiki, a hure shi ko a ture shi da takarda. Idan an riga an murje, a wanke wurin da sabulu da ruwa nan take, tun dafin bai shiga ba, a wanke hannu, kada a taɓa ido. Idan ƙuraje sun fashe ko ido ya kumbura, asibiti za a nufa, kuma faɗa wa likita cewa an ga ɗan ƙwaro mai ja da baƙi a ɗaki yana rage masa rabin aiki.

Tun 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar a riƙa gane dabbobi ta karanta wani guntun sashe na ƙwayar gadonsu, mai haruffa kimanin 650, ake cewa zamanin allura da madubi ya kusa wucewa. Ƙafa ɗaya ta ƙwaro ta isa a karanta wannan sashe. Sai dai na'urar ba ta san Latin ba. Abin da take yi shi ne kwatanta sabon karatu da waɗanda ke cikin rumbun bayanai, kuma kowane karatu a rumbun sai da wani mutum ya fara zama ya fiɗe namiji, ya kwatanta da samfurin asali, ya ce wannan sabaeus ne. Ƙwarin Turai da na Amurka ta Arewa an yi musu wannan hidima sosai. Na yankin Sahel kaɗan ne aka yi wa.

Kayan da aikin ke buƙata a matakin farko ba su fi ƙarfin ɗakin gwaje-gwajen makaranta ba: 'yar kwalba, alkohol, da guntuwar takarda da aka rubuta da fensir, domin tawada tana narkewa a cikin alkohol. A takardar ana rubuta ƙasa, da jiha, da gari, da unguwa, da kwanan wata, da inda aka kama shi, ko a jikin fitila ko a kunyar shinkafa, da sunan wanda ya kama. Ƙwaron da ba shi da wannan takarda, ma'ajiya ba ta karɓarsa, komai kyansa.